Gangar da Ta Fita Ba Huda

Mai Huda ya ɗaga guduma ke nan zai sauke ta a kan tsinken ƙarfe, wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Bai ɗauka ba sai da ya gama da gangar da ke gabansa, ya cire safar hannu, ya wanke hannu a famfo.

Aikinsa ke nan a masana'antar tace zinariya. Gubar da ake jiƙa niƙaƙƙen dutse da ita don zinariya ta fito, a cikin shuɗayen ganguna take zuwa. In ganga ta ƙare a ɗauraye ta, shi kuma ya fasa mata gindi don kada wani ya kai ta gida ya zuba ruwa. Ganguna ne masu kauri da murfi mai kyau, shi ya sa duk masana'antar ba wanda ake jin haushi kamarsa. Har masu gadi in ya wuce cewa suke, "Ga mai ɓata rabon jama'a."

Matarsa ce ta kira.

"Inna ta ce a yi maka godiya," in ji ta. "Ta ce ashe kana da zuciya."

"Godiyar me?"

"Gangar mana. Wadda ka aiko Direba da ita da safe."

Direba ƙanin matar tasa ne. Mai Huda ne ya yi masa hanyar aikin kwashe fasassun ganguna zuwa inda ake binne su, kuma tun ranar yake da-na-sani.

"Wace kala ce?"

"Shuɗiya. Har da hoton ƙoƙon kai, Inna ta kankare shi, wai yana tsorata yara."

Bai nemi izini ba, bai ma cire takalmin roba ba. Ya hau babur, mai gadi yana tambayarsa ko gobara ake a gida.

A gida ya tarar da gangar a gindin bango, cike da ruwa taf, an ɗora mata kofi a kan murfi. Mahaifiyarsa na zaune a tabarma tana kallon ta kamar sabuwar jika.

"Inna, kin sha?"

"Ko sallama babu? Ban sha ba. Ruwan bai kwanta ba tukuna."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya ɗauke kofin.

"Alwala kawai na yi," in ji ta.

Ya tsaya da kofin a hannu. "Kin kurkure baki?"

"Kai kuma wace irin alwala ka sani da ba a kurkure baki? Ni na wanke gangar da kaina, da sabulu da toka. Ko tukunyar mai jego ba ta kai ta tsabta ba."

"Kanki na ciwo?"

"Tun da na haife ka yake ciwo." Ta dafa goshi. "Yau dai ya ɗan fi. Da jiri kaɗan."

Tsoro ya kama shi. Direba ya leƙo daga ɗaki da abinci a baki, ya ce, "Yaya, an fa ɗauraye ta a wurin aiki. Ni na gani da idona. Na ɗan janye ta gefe ne kafin ta iso gare ka."

"Daga wane layi ka ɗauko?"

"Na kusa da ƙofa."

"Na kusa da ƙofa su ne masu jiran ɗauraya."

Direba ya daina tauna.

"To ka huda abarka mana, kowa ya huta," in ji Inna. "Ba shi ne aikin ba?"

Ba zai iya ba. In ya huda ta a nan, ruwan zai bi tsakar gida ya faɗa kwata, kwatar kuma ta bi ƙofar gidajen layin gaba ɗaya. Ya danne murfin, ya kori yara waje, ya ciro waya.

"Yaya, don Allah," in ji Direba. "Mu kai ta kemis shiru-shiru. In ka kira su, da ni da kai duk mun rasa aiki."

Matarsa ta dubi ƙaninta, ta dubi surukarta da ta jingina da bango, ta ce, "Kira."

Maganin wannan guba ba a kemis yake ba, yana ɗakin shan magani na masana'anta. Ya kira shugaban sashen kariya.

"Yallaɓai, ganga ɗaya ta fita ba huda. Tana gidana. Mahaifiyata ta sa ruwanta a baki."

Mota biyu suka zo. Ɗaya ta ɗauki Inna, ɗaya ta ɗauki gangar, kuma maƙwabta sun lura gangar ce ta fi samun masu rakiya. Shugaban ya karɓi katin aikin Mai Huda a bakin ƙofa, ya ce za a neme shi.

A asibiti aka sa mata abin numfashi a hanci, aka ɗaura mata ruwa. Ya tsaya a baranda da takalmin robarsa har la'asar ta wuce. Da likita ta fito ta ce abin da ya shiga jikinta kaɗan ne, an kuma kawo ta da wuri, sai ya gyaɗa kai kawai ya shiga.

Inna ta yafito shi da yatsa. Ya sunkuya, ya kai kunne kusa da bakinta.

"Wannan azahar ɗin tawa," ta ce a hankali, "ta yi, ko sai na rama?"

"Zan tambaya, Inna."

Ya zauna a ƙasa gefen gadon, ya riƙe ƙafarta, ya yi ta kuka. Ta bar shi ya yi.