Allah Ya Jiƙanka, Bakari

Bakari yana tsakiyar yanka cinyar rago sai ya hango Masor Selestin, sistar coci, ta fito daga ƙofar makaranta, ta tsallako titi tana kauce wa 'yan babur. Ba ranar sayen namanta ba ce. Ya ajiye wuƙar.

"An dawo da Metir gida," ta ce masa da Larabcin gari. "Likita ya ce a bar shi ya huta a ɗakinsa."

Bakari ya gane abin da likitan yake nufi.

"Ya ƙi kunu, ya ƙi shayi. Wai romonka yake so."

"Zan kai masa da kaina, Masor."

Jimadum, wanda kowa ke kira Metir, wato malam da Faransanci, ya fara koyarwa a makarantar Katolika ta unguwar Mursal tun kafin Bakari ya kafa teburin namansa a gindin darbejiyar da ke kallon ƙofarta. Gidan Metir yana jikin katangar makaranta, na Bakari yana jikin na Metir. Shi ne ya matsa sai an saka Hindu, 'yar Bakari, a aji ɗaya. Da dangi daga Dembe suka ce za a mayar da yarinya Kirista, Metir ya kama hannun Bakari ya kai shi cikin makarantar, ya nuna masa gindin mangwaron da 'ya'yan Musulmi suke zama su yi lissafi a kan allunansu idan sauran sun shiga darasin addini.

"Ni nake zama da su," ya ce. "Idan ta dawo maka da wani abu, to jadawalin bakwai ne."

Hausar Metir ba ta wuce gaisuwa ba, sai jimla ɗaya da ya ƙera da kansa. Wata rana ya ji wata tsohuwa ta karɓi gyaran nama ta ce wa Bakari, "Allah ya jiƙan mahaifa." Ya tambayi ma'anarta, Bakari ya ce godiya ce. Metir mutum ne na nahawu. Ya ga babu dalilin gode wa iyaye alhali ga wanda ya ba da naman a tsaye. Washegari da aka ƙara masa tsoka ɗaya, sai ya dafa ƙirji ya ce, "Allah ya jiƙanka, Bakari."

Masu shan shayi a benci suka yi dariya har ɗaya ya ƙware. Bakari bai gyara masa ba, don ta ina mahauci zai fara gyara wa malamin makaranta magana? Haka ta zauna shekara da shekaru. Hajjo, matar Bakari, takan ce, "Maƙwabcin nan naka sai ya binne ka da ranka."

Yanzu Bakari ya ware ƙashin wuya da bindi, ya aika gida a ɗora tukunya. Daga bayan katanga yaran aji uku suna rera jadawalin lissafi da Faransanci, muryar sabuwar malamarsu tana bin su. Shi kuwa zuciyarsa ta tafi wani wuri. Mutumin nan ya roƙa masa rahama fiye da yadda zai iya ƙirgawa, ko da kuwa bisa kuskure. Gobe ko jibi zai mutu a kan addininsa. Me Bakari zai ce a kansa?

Bayan azahar ya tsaya a ƙofar masallaci har Malam Falalu, limamin unguwa, ya gama sa takalmi.

"Allah ya gafarta Malam, idan maƙwabcina Kirista ya rasu, zan iya cewa Allah ya jiƙansa?"

"Ka je ka yi wa iyalinsa ta'aziyya, ka kai abinci, ka zauna da su. Haƙƙin maƙwabtaka ne. Amma roƙon gafara bayan mutuwa, wannan ba a yi mana izini ba. Ka ce Allah ya ba su haƙuri."

"Shi fa ya yi ta roƙa mini."

"Na sani. Duk unguwa ta sani." Malam ya yi murmushi. "Kai ne kaɗai a garin nan da ake yi wa ta'aziyyar kanka kullum da safe."

Bakari bai yi dariya ba. Ya bi Malam har bakin titi, yana juya maganar kamar yadda yake juya nama yana neman gaɓa.

"Malam, ka ce bayan mutuwa. Da ransa fa?"

Malam Falalu ya tsaya. Ya juyo ya dube shi.

"Mai rai ƙofa a buɗe take gare shi. Ka roƙa masa alheri da shiriya yadda kake so."

Bakari ya yi godiya a taƙaice, ya ƙara sauri.

Madam Denemaji, matar Metir, ta karɓi kwanon romon ta shigar da shi ɗaki. An buɗe tagar da ke kallon makaranta. Metir yana kwance, ya rame har agogon hannunsa ya zame zuwa gwiwar hannu. A bango ga gicciye na katako, ga hotunan ɗalibai jere-jere, wasu sun koɗe. Yaran da suka dawo darasin yamma suna ta maimaita jadawalin safe.

"Ji su," in ji Metir da Larabci. "Bakwai sau takwas, rabinsu motsa baki kawai suke yi. Hindu ma a nan ta sha wahala."

"Yanzu ita take duba mini awo."

Madam ta ba shi romon da cokali. Ya sha kaɗan, ya lumshe ido, ya ɗora hannu a ƙirji kamar yadda ya saba.

"Allah ya jiƙanka, Bakari."

Bakari ya gyara zama a kan kujerar roba. "Metir, akwai abin da ya kamata ka sani game da maganar nan."

"Cewa matattu ake yi wa ita?"

Bakari ya ɗago kai ya dube shi.

"'Yarka ta gaya mini tun tana aji biyu. Ta ɗaga hannu a tsakiyar darasi, ta ce, 'Metir, babana bai mutu ba.'" Ya yi dariya, tari ya tare shi, Madam ta tallafi kansa. "Na tambaye ta ma'anar kalmar. Ta ce tausayi ne na Allah. Na ce to, ban ga abin gyarawa ba. Mutumin da yake yini da wuƙa a hannu, yana rantsuwa cewa tunkiya rago ce, ai ya fi na kabari buƙata."

"Ban taɓa sayar maka da tunkiya ba."

"Ni ba ka taɓa ba."

A waje wani yaro ya kaɗa ƙarfen tashi, makaranta ta ɓarke da hayaniya. Bakari ya dubi hannun Metir a kan zanen gado, farcensa har yanzu kamar da farin alli a ciki. Ya kama hannun.

"Allah ya jiƙanka, Metir. Ya shirye mu gaba ɗaya."

Metir ya buɗe ido ɗaya. "Ka yi kuskure. Ban mutu ba."

"A wurinka na koya."

"To, amin."

Kullum da yamma Bakari ya riƙa kai romo, kullum kuma ya faɗi maganar kafin ya fito, har ranar da Metir bai iya amsawa ba, sai yatsa da ya motsa. Ya rasu wata safiya, yara suna layi a fili za su shiga aji.

Aka kafa rumfar makoki a titi, tsakanin teburin Bakari da ƙofar makaranta. Mata suka yi ta waƙoƙin coci da harshensu. Tsofaffin ɗalibai suka zo daga unguwar Gasi da ko'ina, har da masu rawani. Malam Falalu ya zo ya zauna a benci, aka ba shi shayi. Hajjo da Hindu suna wajen tukwane. Da aka ɗauki akwatin, Masor ta fito da yaran makaranta cikin rigunansu iri ɗaya, suka tsaya a jikin katanga har motar ta wuce.

Bakari ya durƙusa gaban Madam Denemaji. "Kalawa," ya ce, yadda mutanen gari suke gaisuwar mutuwa. Sannan ya ƙara da Hausa, "Allah ya ba da haƙuri." Bai ƙara komai ba, bai kuma ji an bar shi da wani abu a baki ba.

Bayan an janye rumfa, an mayar da bencuna makaranta, Madam ta fito wata safiya cikin baƙaƙen kaya ta tsaya a teburinsa. Ya auna mata, ya ɗora tsoka ɗaya a kai, ya naɗe a takarda. Ta karɓa, ta tsaya tana harhaɗa kalmomin a bakinta.

"Allah ya jiƙanka, Bakari."

Ba wanda ya yi dariya a benci.

"Amin, Madam."

Ta tsallaka titi a hankali. Daga bayan katanga aji uku suka kai bakwai sau takwas, muryoyin suka ragu, sannan suka sake tashi. Bakari ya kori ƙuda daga kan naman ya ɗauki wuƙarsa.