Randar Ketino

Otar ya ce a duk yankin Kakheti babu uban da ya yi wa 'ya mace abin da ya yi wa tasa. Ranar da aka haifi Ketino, in ji shi, ya cika randa guda da giyar inabin gonarsa, irin wadda ake binnewa har wuya a ɗakin giya na ƙarƙashin gida, ya ɗora mata dutse, ya liƙe da laka, ya rantse ba mai buɗewa sai ranar aurenta. 'Ya'ya maza ake yi wa haka, shi kuwa mace ya yi wa. Ya faɗi wannan a wajen biki, ya faɗa a zaman makoki, ya taɓa faɗa wa ɗan sandan da ya tare shi a hanya.

Da wannan labarin Ketino ta girma. Da aka tura ƙanenta Tornike jami'a a Tbilisi, aka bar ta tana sayar da cuku a bakin titi, ta ce ba komai, ai ita tana da randa. Da aka ba shi motar gidan, nan ma randar ta tuna.

Safiyar aurenta ta sauka ɗakin giya ɗauko kwalbar miyar tsami, gashinta ko gyarawa ba a gama ba. Sai ta tarar da uwarta Lamara a durƙushe tana kwaɓa laka, Tornike kuma ya rungumi jarka yana tsiyayawa cikin randarta. Ga dutsen a gefe. Ga wasu jarkoki a jere suna jiran layi.

"Me kuke yi?"

"Ƙari," in ji Tornike. "Ta ɗan ragu."

Ketino ta kasa kunne. Giyar tana faɗawa can ƙasa, kamar ana zuba ruwa a busasshiyar rijiya.

"Mama."

"Rage murya, dangin mijinki sun fara isowa." Lamara ba ta ɗago ba. "An shanye."

"Yaushe?"

Lamara ta dubi Tornike. Tornike ya dubi jarka.

"Ranar da aka haifi wannan. Ubanki ya samu namiji, gida ya cika, giya ta ƙare, mutane ba su tashi ba. Ya ce in kaka ta yi zai sake cikawa."

"Kakar wace shekara?"

"Ni fa ban sha ba," in ji Tornike. "A zanin goyo nake."

"Rufe mana baki, ɗan jami'a," in ji Ketino.

Lamara ta goge hannu ta riƙo gefen rigar Ketino. "Ubanki ne ya sayo jarkokin jiya a kasuwar Telavi. Ki rufa masa asiri, 'yar nan. In ya ji kunya gaban surukai, ba zai ƙara ɗaga ƙahon shan giya a teburin kowa ba. Giya ai giya ce."

Ketino ta tsaya tana kallon bakin randar. Ta tuna yadda take share ƙurar dutsen nan da tana ƙarama, har tana hana Tornike taka shi. Tana cikin kallo, shuɗin murfin jarka ya zame daga gwiwar Tornike, ya gangara, ya faɗa ciki. Shi bai gani ba, uwar ba ta gani ba.

"Ba zan ce komai ba," in ji Ketino.

Aka mayar da dutse, aka liƙe, Lamara ta barbaɗa toka don lakar ta yi kama da tsohuwa.

Da aka dawo daga coci, tebura sun cika har faranti na hawa kan faranti: burodi mai cuku, tsire da aka gasa da itacen inabi, da kazar nan mai miyar gyaɗa wadda Otar ya ce daga gidan sarauta kakarsa ta gado ta. Kawu Shalva ne tamada, shi ke jan ragamar sha, ba mai kai kofi baki sai ya yi magana. Ya ɗaga don zaman lafiya, aka sha. Ya ɗaga don waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, maza suka miƙe tsaye, aka sha. Sannan ya ce, "Yanzu magana ta uban amarya ce."

Otar ya ja jama'a zuwa ɗakin giya. Ya durƙusa ya fasa laka da guduma, hawaye na zuba. Ludayin farko mai dogon hannu uban ango aka ba wa, wani mutum da ya taɓa zama a Faransa wata biyu bai warke ba har yau. Ya juya kofi, ya cusa hanci, ya lumshe ido.

"Allah Sarki. Ana jin shekarun a hanci. Irin wannan ba a samunta a kasuwa."

"Kasuwa?" in ji Otar. "Ranka ya daɗe, kasuwa ko sunanta ba ta sani ba."

Ya sake zura ludayi ya cika babban ƙahon kakansa, idonsa a sama yana neman kalmomi. Irakli, angon, ya matse hannun Ketino yana murmushi. Ita ba ta yi ba.

"'Yata," in ji Otar. "Wasu suna cewa mace ta gidan wani ce. Ni ban taɓa bambanta ki da namiji ba, ga shaida a hannuna. Tun ranar da kika zo duniya, hannun ɗan Adam bai taɓa wannan randa ba. Iska ma ba ta shiga ba. Gaumarjos!"

"Gaumarjos!" ɗakin ya amsa kirarin ɗaga kofi.

Ƙaho ba a ajiye shi sai an ga ƙarshensa. Otar ya kafa kai, maƙogwaro na aiki, jama'a na tafi. Can sai wani abu ya bugi haƙoransa, ƙwas. Ya tsaya. Ya sa yatsa biyu ya zaro wani shuɗin murfi, ya ɗaga a hasken ƙwan fitila, giya na ɗiga daga jikinsa.

Tafi ya mutu. Uban ango ya dubi kofinsa. Lamara ta dubi Ketino, Ketino ta dubi bango, bakinta a rufe kamar yadda ta yi alkawari.

"A'a, ashe nan ya shiga!" in ji Tornike. "Tun safe nake nemansa."