Ɓarawon Lemun Noelene

"Ba shi ba ne," in ji Ostap, ya kawar da bakinsa daga ɗan soson jiƙa leɓe da 'yarsa Larysa ta miƙa masa.

Karo na uku ke nan tun safe. Noelene, maƙwabciyarsa, tana tsaye a bakin gado riƙe da kofin gilashi, gumi na bin bayanta duk da fankar da ke ta faman juyi. Zafin Fabrairu a garin Mildura ba ya raga wa kowa, balle mace mai shekara saba'in da uku da ta wuni tana zirga-zirga tsakanin kicin ɗinta da ɗakin mara lafiya.

"Tato, ko ɗanɗanawa ba ka yi sosai ba," in ji Larysa. Haka take kiran uban nata tun tana ƙarama.

"Hancina bai mutu ba tukuna."

"Bakinka ma bai mutu ba, tsohon rigima," in ji Noelene. "Lemun zaƙi na bishiyarka ne, da hannuna na matse. Zuma cokali ɗaya. Giyar bodka daga firij ɗinka, ƙanƙara, ruwan soda. Lemun tsami sai da na je har kanti na zaɓo. Me kuma ya rage?"

Ostap ya lumshe ido, ya yi ɗan murmushin nan nasa mai ban haushi.

Kwana huɗu ke nan ba ya iya haɗiye ko ruwa. Nas ɗin da ke zuwa duba shi ta gaya musu gaskiya, cewa kwanaki ne suka rage, wataƙila ma ba su kai kwanaki ba. Ta ce a riƙa jiƙa masa leɓe da duk abin da ransa ke so, tunda yanzu babu abin da zai cutar da shi. Da aka tambaye shi, abu ɗaya ya roƙa: haɗin ƙarfe biyar.

Shekara ashirin da biyu suna maƙwabtaka, shingen katako ne kawai a tsakaninsu. Duk lokacin zafi, da zarar biyar ta yamma ta buga, sai Ostap ya ɗora kofi biyu a kan gungumen shingen, ɗaya na Noelene, ɗaya na mijinta Des, ya riƙe nasa a hannu, su tsaya suna zagin yanayi da 'yan ƙwallo. Da Des ya rasu, kofin ya koma ɗaya, amma bai taɓa fashi ba. Noelene ba mai yawan faɗin abin da ke ranta ba ce, amma ta san cewa a shekarar farko bayan rasuwar Des wannan kofin ne kaɗai ke fito da ita daga ɗaki. Sau nawa ta tambaye shi yadda yake haɗawa, sai ya ce sirrin gidansu ne tun daga Ukraine, alhali yana ɗan shekara shida ya bar ƙasar, kuma ita ta san babu wani lemun zaƙi da ke fitowa a ƙauyen da yake ba da labari.

Bana ne kawai kofin bai zo ba. Ya ce likita ya hana shi. Ta yarda, ba ta sake tada maganar ba.

Yanzu ga shi mutumin ya roƙi abu ɗaya tak a duniya, ita kuma ta kasa. Abin yana cinta ƙwarai. Ta juya za ta fita da kofin, sai ta ji muryarsa can ƙasa-ƙasa.

"Maƙwabciya. Zo nan."

Ta sunkuya kusa da bakinsa.

"Yaya fararen akun nan naki? Sun daina damunki?"

"Yau kuma ga wata sabuwa. Sun daina mana, tunda na rufe bishiyar da raga."

A bayan gidan Noelene akwai wata bishiyar lemun tsami da Des ya yi wa aure da hannunsa, mai 'ya'ya ƙanana masu ƙamshi da ɗan ɗaci a bayan harshe. Shekara da shekaru reshen da ke wajen shinge ba ya tara 'ya'ya, suna fara nuna sai su ɓace. Noelene ta ɗora laifin a kan fararen aku masu tukku da ke sauka unguwar da yamma. Babu irin yaƙin da ba ta yi da su ba: ta rataya tsofaffin faya-fayai masu ƙyalli, ta kafa mujiyar roba, ta bi su da tsintsiya tana ɗura musu ashar. A ƙarshe, a watan Nuwamba, ta sayo raga ta lulluɓe bishiyar tun daga sama har gindi, ta ɗaure da waya ƙulli bisa ƙulli, don ita idan ta yi abu ba ta yin rabi.

"Akun nan," in ji Ostap, yana jan numfashi tsakanin kalmomi, "yana da gora... da gwangwani a bakinta. Tana bayan ɗakin ajiyata."

Noelene ta miƙe tsaye a hankali. Larysa ta rufe bakinta da hannu.

"Kai ne?"

"Biyu a kowane kofi uku. Da ganye ɗaya... a murza a bakin kofin. Na kanti ba ya yi."

"Shekara ashirin! Ina zagin tsuntsayen Allah kana tsaye kana taya ni! Kai ne ma ka ba ni shawarar mujiyar roba!"

"Des ya sani," in ji shi. Ƙirjinsa ya motsa, dariya ce take son fita ba ta da ƙarfi. "Shi yake riƙe mini shingen."

"To da na sa ragar me ya hana ka buɗe baki ka roƙa? Ka ce mini likita?"

"In roƙa... ki gane? Ina, ai da kin kashe ni kafin cutar."

Noelene ta so ta ƙara masa wani zagin, sai ta fasa. Ashe duk zafin bana da ta yi tana leƙen gungumen shinge babu kofi, ita ce da hannunta ta rufe ƙofar. Ta dangwarar da kofin a kan tebur.

"Kada ka kuskura ka je ko'ina. Minti goma."

"Ina zan je, maƙwabciya?"

Ta fita da sauri irin wanda gwiwoyinta suka manta da shi. Ta isa gindin bishiyar, ga lemu nan cunkus a cikin raga, har reshe na rinjaya. Ta kama ƙullin farko, ya ƙi. Ta kama na biyu, waya ta yanke ta a yatsa. Ta ruga kicin neman almakashi, ba ya inda take ajiye shi, ta zazzage aljihun tebur biyu a ƙasa kafin ta same shi a cikin kwandon ɗinki. Almakashin ya ƙi cin ragar, don mai kauri ta zaɓa, wadda mai kanti ya rantse mata ko bakin aku ba ya huda ta. Tana yanka tana kuka tana zagin kanta, har ta samu kafar da hannu zai shiga. Ta tsinko lemu biyu da ganye ɗaya.

A kicin ta nutsu, don abin ba ya son garaje. Ta mirgina lemun a kan katako da tafin hannu, ta yanka, ƙamshin ya tashi ya cika ɗakin, nan take ta gane shi. Shi ne ƙamshin ƙarfe biyar, yana bayan gidanta duk shekarun nan. Ta matse lemun zaƙi, ta narkar da zuma, ta zuba bodka, ta jefa ƙanƙara, ta ƙara soda. Ta murza ganyen a bakin kofi. Agogon bango ya nuna ta yi minti ashirin da biyar.

Tun daga barandar Ostap ta lura da shirun. An kashe fanka.

Larysa tana zaune a gefen gado riƙe da hannun ubanta. Ta ɗago, fuskarta jiƙe, ta girgiza kai.

"Yanzun nan, Anti Noelene. Bai sha wahala ba. Yana jin ki ta taga kina faɗa da ragar, yana murmushi."

Noelene ta tsaya da kofin a hannu, sanyinsa na ratsa yankan da ke yatsarta. Ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Baƙin cikin da ta ji ya fi ƙarfin kuka, sai kawai ta ce, "Na ce masa minti goma."

Larysa ta tashi ta karɓi kofin, ta shinshina, ta rufe ido. "Shi ne," ta ce. Ta je kicin ta dawo da ƙananan kofuna biyu da yankan baƙin burodi. Ta ɗan zuba musu a ƙananan, ta ɗora burodin a kan babban ta rufe bakinsa. Noelene ta ɗaga nata za ta gwara da na Larysa, yadda suka saba a bakin shinge, sai Larysa ta tare hannunta a hankali.

"Mu ba ma gwara kofi in don mamaci ake sha. Wancan kuma nasa ne, ba mai taɓawa."

Suka sha.

Da yamma ta yi sanyi, bayan an zo an tafi da shi, Noelene ta ɗauko tsani ta warware sauran wayar ɗaya bayan ɗaya, ta janye ragar gaba ɗaya ta naɗe. Ta zagaya bayan ɗakin ajiyar Ostap ta samo gorar, gwangwanin bakinta ya yi tsatsa, wurin riƙo ya yi santsi. Ta jingine ta a jikin shinge ta ɓangarensa. Larysa ta fito da kofin mai burodi daga firij ta ɗora a kan gungumen.

Can sai ga fararen aku uku sun sauko kan bishiyar, reshe ya lanƙwasa. Noelene tana zaune a kan matakalar bayan gida, tsintsiya na kusa da ƙafarta. Ta bar ta a inda take, tana kallon raɓar da ke gangarowa a jikin kofin tana jiƙa katako.