Bututu Na Tara

Santimita huɗu. Dakta ta ja shafin kwamfutar sama, ta sake saukowa da shi. Shekara uku cur, kowace Litinin, ruwan bututun awo na tara a fadamar yana ƙasa da na takwas da santimita huɗu, ba ƙari ba ragi, rani da damina. Fadama ba ta da irin wannan ladabin.

Shekara bakwai ta kashe tana gina manhajar da 'yan ofis suka laƙaba wa Boka. A ba Boka zurfin ruwan fadamar, ya faɗi tsawon lokacin da baƙar ƙasar wurin za ta ci gaba da riƙe kabon ɗinta, sinadarin da ke ɗumama duniya in ya shiga iska. Ƙasar nan ganyaye ne da saiwoyi da suka mutu suka taru shekara dubbai, ruwa ya hana su ruɓewa. Ranar da ruwan ya janye, za su ruɓe su bi iska. Boka ya ce shekara ɗari uku lafiya lau, kuma jibi za a kai rahoton haka gaban kwamiti da sa hannunta.

Mai auna ruwan kuwa yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya bar makaranta don ita ta yi. Saura wata goma ya yi ritaya.

Ba ta kira shi ba. Ta zura takalmin roba ta ja motar ofis.

Gadar katakon da ake bi a kan fadamar ta ƙare a bututu na takwas. Daga nan sai ruɓaɓɓun katakai, wasu sun nutse. Ta yanki sanda ta shiga, tana jiran laka ta haɗiye ta. Ba ta haɗiye ta ba. Da ta yi nisa sai ƙasar ta fara ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafarta. Bishiyoyi tsaye a kan saiwoyinsu tsirara, ƙasa ta zame ta bar su. Can gefe wani ya haƙa magudana mai faɗin mota, ruwa baƙi yana ficewa abinsa.

Ta zura tef ɗin awo a bututu na tara har ƙarshensa. Ya fito a bushe.

A ɗakin ajiye kaya ta sami Yaya yana wanke bokitai.

"Auta! Wa ya jefa ki a rami?" Ya bushe da dariya. "Dakta guda da laka har kunne?"

"Yaya, yaushe rabonka da na tara?"

Dariyar ta tsaya. Ya ajiye soson a hankali.

"Kin je ke nan."

"Na je. Ƙurar da ke cikinsa ta isa a yi bulo."

"Sau uku na rubuta a ba ni katakon gyaran gada, Auta. Sau uku! Ranar da na ce bari in gwada haka nan, har ƙirji na nutse. Awa biyu ina ihu, tsuntsaye ne kawai suka amsa. Da wannan gwiwar zan koma?"

"Sai ka ƙirƙiro lamba?"

"Ban ƙirƙiro ba. Shekara ashirin ina auna su, kullum tsakaninsu huɗu ne, biyar in ya yi yawa. Na ce me zai canja?"

"Ka faɗa mini mana!"

"In faɗa miki? Ke da in na shigo ofishinki ba ki ɗaga kai, sai dai ki miƙo hannu ki karɓi littafi?"

Ta juya ta fita. Ta koma ofis ta cire lambobin ƙarya, ta ba Boka na gaskiya. Minti goma sha biyu yana nazari, sannan ya ce: shekara arba'in, kuma gefen gabas, inda na tara yake, ya riga ya fara tafiya.

Da ta kai wa Darakta sakamakon, ya saurare ta yana juya biro, ko gira bai ɗaga ba.

"Bututu nawa gare mu, Dakta?"

"Tara, ranka ya daɗe."

"Takwas. Na tara ya lalace, an cire shi daga bincike. Ana yin haka a ko'ina. Me Bokanki ya ce da takwas?"

"Ɗari uku. Amma ƙarya ce. In ba a toshe magudanar nan bana ba..."

"In kika ce arba'in, kwamiti zai tambayi wanda ya yi barci shekara uku. Ba ni zan amsa ba." Ya jawo durowa ya fito da takarda. "Wannan ta kora ce, an bar gurbin suna. Ƙirƙirar bayanai. Ba kuɗin sallama, ba fansho, har 'yan sanda in na ga dama."

"Ya rubuto neman katako sau uku."

"Ina kwafin?"

Babu kwafi. Yaya bai taɓa ajiye kwafin komai ba, ya yarda da mutane.

"'Ya'yansa nawa ma? Shida?" Darakta ya tura mata rahoton shekara ɗari uku, ya ɗora biron a kai. "Ke dai kin san lissafi."

Ta dubi gurbin sa hannun. Ta tuna saiwoyin nan a tsaye. Ta ɗauki biron ta sa hannu.

Tana fitowa ta tarar da Yaya a baranda, ya sa hularsa ta fita, fuska washe.

"Auta, masinja ya ce Oga ya rufe maganar! Wallahi mutumin kirki ne, mu ne ba mu san shi ba." Ya kama hannun rigarta. "Zo mu shiga tare. Ke kika iya magana, ki yi masa godiya da kyau."

"Yaya..."

"Haba, kar ki kunyata ni mana."

Ta juya ta ƙwanƙwasa ƙofar.