Yatsu Biyu a Kan Sitiyari

Karo na uku ke nan ƙaramin jirgin saman yana sunkuyowa kan titin sauka yana fasawa. Malam na tsaye a bakin ciyawa da rediyo a hannu, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Yau ce rana ta farko da ɗalibarsa, wadda duk makarantar tuƙin jirgi ke kira Auta, ta tashi ita kaɗai. Ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas.

"Malam, ya ƙi zama," muryarta ta fito daga rediyon tana rawa. "Da na zo ƙasa sai ya nemi dungurawa da hanci."

"Kwantar da hankalinki, ki sake zagayowa."

Babanta, wanda ya zo ɗaukar hoto da waya, tuni ya jefa wayar aljihu, sai salati yake yi. Tsohon makanikin makarantar ya matso kusa da Malam, ya rage murya.

"Malam, wa kake ja wa sitiyari a nan ƙasa?"

Malam ya dubi hannunsa. Yatsu biyu ne a lanƙwashe, suna jan iska a hankali. Tun da wani ɗalibinsa ya karye a ƙafa wajen sauka shekara uku da suka wuce, yatsun nan suka koyi satar hanya: dab da taɓa ƙasa sai su ɗan ja sitiyarin ɓangarensa, wanda ke haɗe da na ɗalibi, hancin jirgi ya ɗago. Sauka arba'in ya yaba wa yarinyar nan, ashe ko ɗaya ba tata ba ce. Kunya da tsoro suka rufe shi.

Ya danna rediyon. "Auta, saurara da kyau. Duk saukar da muka yi, ni nake ɗaga miki hancin a ƙarshe. Yau kujerata babu kowa. Ki ja fiye da yadda kika saba."



"To, Malam."

Ta sauko iska na wujijjiga ta. Tayoyin baya suka taɓa, jirgin ya yi tsalle, ya dawo da ƙarfi. Ƙafar tayar gaba ta karye ƙaras, farfela ta daki kwalta, jirgin ya ja ciki har cikin ciyawa ya tsaya.

Da ƙafarta Auta ta fito, jini na bin goshinta. Babanta ya rungume ta, sannan ya kama hannun Malam da hannu bibbiyu.

"Allah ya saka da alheri! Koyarwarka ce ta cece ta."

Auta ta kalli Malam.

A ofis, ruwa na dukan kwano, shugaban makaranta ya turo wa Malam takardar rahoto. An riga an cike gurbin musabbabin hatsari: kuskuren ɗaliba.

"Sa hannu kawai, mu rufe maganar."

Malam ya ɗauki biro da yatsun nan biyu. Ya soke kalmar ɗaliba, ya rubuta malami a samanta, sannan ya sa hannu.