Layin Gawayi na Ƙarshe

Malam Aƙilu mai zare a Ƙofar Kibo bai taɓa yarda da lissafin matarsa Rahmatu ba, kuma bai taɓa iya rabuwa da shi ba. Ita bangon ɗakin ajiya ne littafinta. In damin zare ya shigo ta ja layi da gawayi, in ya fita ta goge da babban yatsa. Damina na zuwa bangon ya jiƙe, layuka su narke. Yara su jingina, su tafi da zaren rabin wata a bayan rigunansu. Sai a zauna musu, shi yana cewa saura shida, ita tana cewa takwas, har tuwo ya huce. Wannan musun ne yanzu yake kewa.

Bayan rasuwarta ɗansu Umair ya mayar da komai cikin waya. Wayar ba ruwanta da damina, amma abin da aka gaya mata kaɗai ta sani. In ɓera ya ci zare, tana nan tana rantsuwa yana nan. In Umair ya manta bai shigar da kaya ba, to a wurinta ba a taɓa halittarsu ba.

A hankali kayan zamanin Rahmatu suka ƙare. Kowanne ya fita, Aƙilu ya goge layinsa, don haka ta koya masa. Saura layi ɗaya, a karkace kamar yadda hannunta ke ja, na zaren tsamiya, silikin gargajiya, da ke can ƙasan kwando.

Wata hantsi Malam Muhsin mai ɗinkin babbar riga ya leƙo.

"Malam Aƙilu, ko akwai tsamiya? Aiki ya tsaya mini a wuyan riga."

Aƙilu ya saci kallon kwandon. Umair ya shafa waya.

"Babu, Baba Muhsin. Ta ƙare tun bara."

Aƙilu, wanda bai taɓa ɓoye wa mai saye kaya ba, ya sunkuyar da kai yana gyara zaren da ba ya buƙatar gyara. Har Muhsin ya kai bakin lungu.

Kunyar Rahmatu ce ta kama shi. Da tana nan, da ta ce, "Malam, kaya na sayarwa ne."

"Kira shi," ya ce wa Umair.

Ya ɗauko zaren da kansa, ya miƙa. Sannan ya koma ɗakin ajiya, ya tsaya gaban bango. Ya daɗe kafin ya ɗaga yatsa ya goge layin. Ranar bai wanke hannun ba sai da aka kira azahar.