Saƙon da Ya Faɗa Shara

Saude ce sakatariyar ƙungiyar manoman gero ta Dungas, kuma ordinater ɗin biro, wato kwamfutar ofis, a hannunta take. Da bazara wani saƙon mel ya shigo da sunan masu raba taki, har Malam Illa, shugaban ƙungiyar, ya fara haɗa takardun mutane kafin a gane 'yan damfara ne. Abin ya ba shi kunya ƙwarai. Ya tsaya a kanta ya ce, "Saude, ki toshe mana ƙofar nan. Wanda ba mu sani ba kada ya ƙara shigowa."

Ta shiga wurin gyaran akwatin saƙo ta ƙara wa matatarsa ƙarfi. Duk saƙon da ya fito daga baƙon adireshi, ko aka aika wa jama'a da yawa a lokaci guda, ya wuce kai tsaye kwandon shara da ake kira sifam. Akwati ya yi tsaf, kowa ya huta.

Damina ta yi kyau. Gero ya fid da kai, har tsofaffi suka fara cewa bana rumbu zai yi kaɗan. Sai tsutsar zangarniya ta sauka. A Dogo-Dogo ta fara, inda gonar mahaifin Saude take. Ka kama zangarniya ka ga tsutsa ta zagaye ta daga gindi zuwa kai, ka murza, dussa kawai ke zubo maka.

Ran kasuwa Saude ta ci karo da Madam Habsatou, ma'aikaciyar gona daga Magaria, wadda suka saba aiki tare.

"Ku dai kun ƙoshi," in ji Madam Habsatou bayan gaisuwa. "Kowa ya amsa mini, ban da Dungas."

"Amsar me, Madam?"

"Buhunan ƙwari mana. Ƙananan ƙwarin nan da ake rataya buhunansu a gona su kashe tsutsa. Na rubuto duk ƙungiyar da ke so ta faɗa, kafin gero ya yi bunni. Da na ji shiru na ɗauka wasu sun riga sun ba ku."

"Wallahi ba mu ga komi ba."

"An sauya mana adireshi a wurin aiki. Da sabon na aiko."

Saude ba ta ƙarasa cefanen ba. Ta koma biro, ta buɗe kwandon da tun bazara ba ta leƙa ba. Tallace-tallace ne rututu, da masu cewa ta ci kyauta. A tsakiyarsu ga sunan Madam Habsatou. Ta karanta saƙon, ta sake karantawa, sannan ta ɗora hannu a ka. Gonar babanta kawai take gani.

Malam Illa ya shigo ya same ta haka. Ta juya masa ordinater ɗin. Ya karanta saƙon, ya ce, "Inna lillahi. Ni na ce ki toshe."

"Ni kuma ban leƙa ba, Malam."

Ta danna inda ake cewa saƙon ba shara ba ne, ta sa sabon adireshin cikin waɗanda aka amince da su. Ta cire dokar da ke korar baƙi, ta bar wadda ke kama masu neman lambar sirri. Sannan ta bi sauran saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Ta tsinci gayyatar wani taro da ya riga ya wuce, da gaisuwar wani ɗan ƙungiya da ke ci-rani.

Ta kira Madam Habsatou. "Akwai saura?"

"Kaɗan. Amma geron da ya riga ya lalace ba ya dawowa. In akwai inda aka yi shuka a makare, a gwada."

Akwai. Wasu ƙauyuka wajen Kwaya ruwa ya yi musu jinkiri, geronsu yanzu yake fid da kai. Washegari Malam Illa da kansa ya hau kabu-kabu zuwa Magaria, ya ɗauko buhunan, aka rataya su a itatuwan gonaki. Waɗannan ƙauyuka sun girbe abin da ya sauƙaƙa.

Dogo-Dogo kuwa sai haƙuri. Da kaka Saude ta je gida, ta tarar da mahaifinta yana ware zangarniyar da ta tsira daga wadda ta zama ƙaiƙayi. Ta durƙusa ta gaya masa yadda aka yi. Bai san mel ba, bai san sifam ba, amma ya saurara har ta kai aya.

"Wato an aiko, ba a iske mu ba," ya ce.

"Haka ne, Baba."

Ya jinjina kai. "Allah ya sa iyakarta ke nan. Wake dai ya yi, ba za mu kwana da yunwa ba." Ya tura mata wani dami da ƙafa. "Zo ki kama mini, idona ba ya gani sosai. Masu ƙwaya mai kyau ki ajiye su gefe, iri ne."

Ta gyara zama a kan tabarmar, ta jawo damin gabanta.